Tseren Rimot a Lungunan Bagadaza

Ba zan taɓa mantawa da yammacin Asabar ɗin nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen Bagadaza ba za su bar ni ba. Abin kunya ne, na yarda. Amma kafin ku fara dariya ina so ku riƙe abu ɗaya a ranku: ni na ci. Duk wanda ya ba ku labarin nan bai faɗi wannan ba, ɗan adawa ne.

A bakin layinmu akwai shagon Hamma Yero, inda ake cajin waya da tura finafinai. Ba yayana ba ne na jini, haka dai duk yaran unguwa muke kiransa. Yana da talabijin manne a bango da benci biyu, kuma duk Asabar bayan la'asar yakan saka mana fim ɗin 'yan leƙen asiri, irin wanda jarumi ke gudu a kan rufin gidajen mutane sanye da kwat. Ni ne mai fassara. Idan Bature ya yi magana, ni nake juya ta zuwa Hausa saboda waɗanda Turancinsu bai kai nawa ba (nawan ma, tsakanina da ku, rabinsa shaci-faɗi ne). Jarumi ya faɗi kalma uku, ni in faɗi talatin. Bos ya yi tsaki, in ce ya zagi kakan jarumin na wajen uwa. 'Yan acaɓa da telolin layin suna son fassarata, har akwai wanda yake ajiye mini rake. A gida kullum cewa ake in rage surutu, a makaranta ma haka. Shagon nan ne kaɗai wurin da ake cewa in ƙara. To ku auna matsayinsa a wurina.

Babban abokin gardamata shi ne Sadiƙu, ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya. Shi ɗan mota ne. A ganinsa duk fim ɗin da mota ba ta wuntsila ta kama da wuta ba, wa'azi ne kawai aka saka masa kiɗa. Sai Hassan da Usaini, tagwayen gidan mai burodi, waɗanda ba abin da suke so kamar dambe a kan jirgin ƙasa mai gudu, alhali su biyun ba wanda ya taɓa hawa jirgin. Ni kuwa tseren ƙafa nake ƙauna: kasuwa, lungu, katanga, rufin kwano.

Hujjata a bayyane take. Tseren mota ƙarya ce tsagwaronta. Mai ba ya ƙarewa, titi ba rami, ba gosulo, ba keke napep da zai yi maka kwana ba tare da sigina ba, ba garken shanu da zai tare hanya yana kallonka kamar kai ne baƙo. Nakan ce a kawo wannan jarumin hanyar kasuwa lokacin da manoma ke shigowa da wake, mu ga ko zai saka giya ta biyu kafin a kama shi. Sadiƙu kuma ya ce ai tseren ƙafar ya fi ƙarya. Mutum ya yi gudu tun daga wannan gari har wancan, bai yi haki ba, kwat ɗinsa bai yamutse ba, kuma kullum sai ya ture teburin mai tumatir ba wanda ya riƙe masa wuyan riga. Ni in ce ba ƙarfi ba ne, dabara ce: ka sauya kaya, ka shiga ta gaba ka fita ta baya, ka tsallaka katangar da mota ba za ta iya ba. Tagwaye su ce duk ku yi shiru, a jira a hau jirgi.

Haka muke yi kowane mako, har ranar da bakina ya yi mini aikinsa. An nuna jarumi ya ɓace wa mutum goma a cikin kasuwa, Sadiƙu ya ce ba zai yiwu ba, ni kuma na ce ko ni nan da ake gani, in na so in ɓace wa mutum a lungunan Bagadaza, sai dai ya ji labarina.

Hamma Yero ya tsayar da fim ɗin, ya juyo yana murmushi irin na wanda kasuwa ta zo masa har gida.

A take aka tsara komai. Asabar mai zuwa ba kallo. Za a ba ni rimot ɗin talabijin a filin ƙwallo da ke can ƙarshen unguwa, a matsayin sirrin ƙasa. Aikina in ɗora shi a kan teburin Hamma Yero kafin a kira magariba. Sadiƙu zai bi ni a kan kekensa (shi ne wakilin motoci), tagwaye kuma a ƙafa. Idan suka ƙwace rimot, ko ladan ya riga ni, Sadiƙu ya zama mai fassara, ni kuma ba zan ƙara cewa uffan a shagon ba har hutu ya ƙare. Idan na ci, Sadiƙu zai miƙe gaban kowa ya faɗa da bakinsa cewa ƙafa ta fi taya.

Hutu guda ba magana. Ni. Da na koma gida na gwada yin shiru don in ji yadda abin yake, kafin a gama kwashe tuwo na ji kamar zazzaɓi zai kama ni.

Na yi shiri kamar mai zana jarrabawar fita. Na zaga lunguna, na duba inda keke ba zai shiga ba, na gano cewa katangar bayan gidan Goggo Dija, ƙanwar babana, gajeriya ce, kuma akwai bulo da aka jibge a gindinta. In na dira ta nan na ratsa tsakar gida na fita ta zaure, na yanke kusan rabin hanya. Na ɗauki farar babbar rigar babana ta zuwa Juma'a (aro ne, niyyata in mayar kafin ya lura), da wata hula, da baƙin gilashin da ya rasa hannu ɗaya, na ƙunshe a leda na ɓoye a bayan filin. Da safiyar Asabar ɗin Inna tana ta yi mini bayanin wani abu game da gidan Goggo, wai in je da wuri in taya su ɗaukar kujeru. Na ce to, to, to. Raina yana kan taswira.

Bayan la'asar Hamma Yero ya miƙa mini rimot a tsakiyar fili, ya ce a ba ni ɗan rata. Na naɗe shi a ledar burodi na cusa a aljihu, na zunduma da gudu, na faɗa bayan wani kango, na zura babbar riga, na kafa hula, na maƙala gilashi. Na fito ina tafiyar ƙasaita irin ta alhazan da suka sayar da shanu. A raina na ce yanzu ko Inna ba za ta gane ni ba.

Ban kai ƙarshen lungun farko ba mai awara ta ɗago kai daga kaskonta.

"Ɗan Buba, tattare rigar babanka mana, kana share mana layi da ita."

Ban tanka ba. Ɗan leƙen asiri ba ya tankawa. Gaba kaɗan mai faci ya ce in gaishe da Malam, wato babana. Wata tsohuwa da ke tsintar shinkafa a ƙofar gida, wadda kowa ya san idonta ya yi rauni, ta ce ai ko a duhu ta ga wannan tafiyar ta san ta gidan su Buba ce. Daga baya tagwaye suka gaya mini ko tambaya ba su yi ba. Mutane ne da kansu suke nuna musu hanya: ya bi nan, yana sanye da rigar babansa, ko lafiya? A fim jarumi yakan shiga cikin jama'a ya ɓace. A Bagadaza jama'ar su ne hukumar leƙen asirin, kuma ba albashi suke karɓa ba.

Da na ji ƙararrawar keken Sadiƙu a bayana sai na watsar da tafiyar alhazai, na tattare riga na kwasa. Na sha kwana, na sake shan wata, na fito fili. Sai ga ni a gaban darbejiyar da dattawan unguwa ke zama, Bappa Usmanu, yayan babana, yana tsakiya a kan buzunsa.

Duk shirin da na yi ban saka wannan a lissafi ba. A duk finafinan da na kalla ban taɓa ganin jarumi ya haɗu da bappansa ana tsakiyar tsere ba. Amma ni ɗan gida ne, kuma na san abin da zai biyo baya idan aka ce na wuce dattawa a guje. Na ja birki, na tuɓe takalma, na cire gilashi, na durƙusa.

Bappa Usmanu ba ya gaisuwar gaggawa. Ya fara da Fulatanci, ni kuma nawa bai wuce "jam" (wato lafiya) ba, don haka duk abin da ya ce sai in ce jam. Ya tambayi babana, ya tambayi Inna, ya tambayi makaranta, ya tambayi zafi, ya tambayi akuyar da ta haihu. Sannan ya ƙura wa rigar ido.

"Wannan ba rigar Buba ba ce?"

"Ita ce, Bappa. Wurin mai guga zan kai."

"A jikinka?"

"Don kada ta ƙara yamutsewa, Bappa."

Ya jinjina kai kamar yana auna maganar. Daidai nan Sadiƙu ya shawo kwana a guje, tagwaye na biye da shi. Na ga fuskarsa lokacin da ya gane inda ya faɗo. Ya taka birki har tayar baya ta ɗaga, ya sauka, ya jingine keke, ya tuɓe takalma. Tagwaye ma haka. Suka zo suka durƙusa a gefena, muka jeru kamar masu jiran allura.

Ina so ku hango wannan da kyau, don a ganina ba a taɓa yin tsere mai tsanani irinsa ba. Wanda ake nema da masu nemansa, kafaɗa da kafaɗa, kowa kansa a ƙasa, kowa yana cewa lafiya lau. Rimot yana aljihuna, tsakaninsa da hannun Hassan bai kai taƙi ɗaya ba. Na ji yatsunsa suna rarrafowa ta gefen riga. Wani dattijo ya yi gyaran murya ya tambaye shi me ya ajiye a aljihun ɗan'uwansa. Hannun ya koma da sauri.

A nan ne dabara ta zo mini, kuma har gobe ina alfahari da ita. Kowa a unguwarmu ya san Bappa Usmanu ya yi fataucin shanu zuwa kudu a ƙafa yana saurayi, kuma kowa ya san idan ya fara wannan labarin sai dai sallah ta raba. Na sunkuyar da kai na ce, cikin ladabi:

"Bappa, dama gardama muke yi. Sadiƙu ne yake cewa wai ba a taɓa kai shanu kudu a ƙafa ba, sai dai a mota."

Bappa ya juya a hankali ya dubi Sadiƙu. Ya gyara zama. Ya ajiye carbinsa.

"Kai tashi ka kai rigar," ya ce da ni, "kai ka san labarin. Kai kuma ɗan Alhaji, matso nan."

Na ɗauki takalmana na ja da baya cikin natsuwa. Kallon da Sadiƙu ya yi mini, da kallo yana ƙona mutum da yanzu toka ce ke ba ku labari. Ina shan kwana na ji Bappa yana cewa a wancan lokacin ko kwalta babu.

Tagwaye dai ba su shiga tarkon ba. Sun ce babansu ya aike su, aka sallame su. Kafin in kai lungun bayan gidan Goggo Dija na ji takunsu. Amma ban damu ba, ga bulo, ga katanga, komai kamar yadda na tsara. Na ji hayaniya daga cikin gidan, da ƙamshin masa, da wata murya tana guɗa, amma ƙwaƙwalwata ta ce wannan ba matsalar ɗan leƙen asiri ba ce. Na zaro rimot daga aljihu na damƙe, na taka bulo, na kama katanga, na ɗora ciki a kai.

Babbar riga ba a yi ta don hawa katanga ba. Na tsaya kokawa da ita, rabina a ciki rabina a waje, sai na ji an cafke ƙafafuna. Hassan ya riƙe ta dama, Usaini ta hagu. Suka ja, na ja. Suka ƙara ja, na tattara duk ƙarfin tuwon da na ci tun ina yaro na yi gaba. Sai na ji mazagin wandona ya ce ɗas.

Ni na wuce. Wandon bai wuce ba.

Na tafi da ka, hannuna ɗaya a sama riƙe da rimot (ko a wannan hali ban manta da aiki ba, a rubuta mini wannan), na faɗa cikin wani abu mai sanyi ƙarara. Na buɗe ido na ga ja ko'ina. Farar riga ta yi ja, hannuwana ja, wani abu ja yana gangarowa daga hulata. Na ce shi ke nan, an harbe ni, na fara kalmar shahada. Sai na lashi leɓena na ji citta da kanumfari.

Robar zoɓo ce. Babba, irin wadda ake yi wa yara uku wanka a ciki lokaci ɗaya. Ina zaune a tsakiyarta, ƙanƙara tana yawo a gefena.

Na ɗaga kai. Abin da Inna take ta gaya mini da safe ya dawo mini gaba ɗaya: ranar sunan jaririn Adda Maryama ce, 'yar Goggo. Tsakar gidan cike take da mata. Na Bagadaza, na Pantami, na Madaki, har da waɗanda suka zo daga ƙauye, kowa cikin ankon atamfa. Masu suyar masa sun tsaya da cokali a sama. Mai guɗa ta tsaya a tsakiyar guɗarta. A kan tabarma ta gaba akwai malamarmu ta Turanci. Kusa da ita 'yan matan ajinmu uku, ciki har da wadda nake yi wa bayanin finafinai a lokacin tara ko ba ta tambaya ba. Ta saman katanga kawunan tagwaye suka leƙo, suka ga abin da na gani, suka nutse.

Na yunƙura na miƙe, don ina ganin tsayuwa ta fi mutunci. Kuskure ne. Rigar ta yage tun daga wuya lokacin da na faɗo, ta koma gefe ɗaya, ga ni tsaye a gajeren wandon ciki, wanda tun ina aji ɗaya nake cewa zan yar. Na koma na zauna a cikin zoɓon da kaina.

Inna tana nan, ba nisa. Ni ne ɗanta na fari, don haka ko sunana ba ta faɗa, balle a cikin taro. Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya wajen matar da ke kusa da ita, ta ce a hankali:

"Yaron waye wannan?"

Nan gidan ya fashe. Ban taɓa jin dariya irin wannan ba. Wata ta faɗi a kan tabarma, wata tana riƙe da ciki tana neman ruwa, jaririn ma ya farka ya sa kuka (ni dai na ɗauka nasa tausayi ne). Malamarmu ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Goggo Dija ce ta zo ta kama kunnena ta fito da ni, ta ja ni bayan ɗakin girki. Ta tambaye ni ko aljanu ne. Na gaya mata gaskiya duka, ina rawar sanyi: rimot, Sadiƙu, keke, da hutun da zan yi ba magana. Na zaci mari zai biyo baya. Sai na ga ta tsuke baki.

"Wato su uku suka taru a kan ɗan ƙanina... ɗan yayana guda ɗaya? Har da keke?"

(Goggo idan ranta ya ɓaci takan manta waye babba tsakaninta da babana.)

Ta ce zancen zoɓonta yana nan, za mu yi shi gobe. Ta tuɓe mini jiƙaƙƙiyar rigar, ta ɗauko wani zani ta ce in ɗaura, ta yafa mini babban mayafi saboda sanyi. Sannan ta ce in bi ta zaure in tafi gida kai tsaye in sa kaya, kada in tsaya ko'ina.

Na tsaya a zaure ina tunani. Rana ta yi ƙasa sosai, na ji ana gwada lasifikar masallaci. Gidanmu yana hagu, shagon Hamma Yero yana dama. Idan na je gida na sa wando, ladan zai riga ni, in wayi gari bebe. Idan na bi dama, zan shiga shagon da ke cike da maza ina ɗaure da zani. Na auna mutuncina, na auna bakina. Gaskiya ban daɗe ina aunawa ba, don mutuncin ya riga ya narke a cikin roba.

Sai ga 'yan mata sun fito da tire-tire na masa, za su rarraba wa maƙwabta. Na ce da ta bayan ta kawo in taya ta. Na ɗora tiren a ka, na ja mayafi ya rufe rabin fuskata, na shige tsakiyarsu. Suna ta ƙunshe dariya, na roƙe su don girman Allah su yi shiru.

Muna fitowa bakin layi na hango su. Sadiƙu ya kuɓuto daga Bappa (wai wani dattijo ne ya musa yawan shanun, gardama ta kaure, ya sulale). Yana tsaye a ƙofar shago, ya ɗaura wandona a kan kekensa kamar tuta, tagwaye suna ba da labari da hannu da ƙafa. Na ji yana cewa mutumin da ba shi da wando ba inda za shi, a jira ladan kawai.

Hanyar ƙunci ce, dole sai mun gifta ta gabansa. Amma Sadiƙu, duk iya shegensa, yaro ne mai tarbiyya. Da ya ga ayarin mata ya taho sai ya janye kekensa gefe, ya sunkuyar da kai ƙasa, ya daka wa tagwaye tsawa su ba da hanya.

"Sannunku da hidima," ya ce, idonsa a kan takalminsa.

"Yauwa, sannu," na amsa da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

Na wuce shi. Na taka dakalin shago. Na sauke tire a kan tebur, na zaro ledar burodi, na warware, na ajiye rimot a gaban Hamma Yero. Sannan na yaye mayafin. Ban gama yayewa ba ladan ya ɗaga murya.

Na so a ce an yi tafi. Maimakon haka wani tela ya zame daga benci ya faɗi ƙasa don dariya. Hamma Yero ya kifa kai a kan tebur yana bubbuga shi da hannu, hawaye na zuba. Wayoyin da aka kawo caji duk aka zare su aka fara ɗaukata hoto, fuska ja, gashi ja, zani mai zanen kifi. Na san kafin isha'i hoton zai kai Pantami. Amma na tsaya ƙyam, na ɗaga haɓa, na nuna rimot da yatsa.

Da Hamma ya samu numfashi ya danna rimot ɗin, talabijin ta kawo. Ya ce sharaɗi sharaɗi ne, ba a ce da wace shiga za a kawo ba. Sadiƙu ya ce an yi maguɗi, an yi amfani da mata. Hamma ya tambaye shi wa ya ba su hanya. Bayan an idar da sallah (ni a gida na yi tawa, bayan na karɓi wandona) aka dawo, Sadiƙu ya miƙe gaban kowa kamar mai karanta hukuncin kansa, ya ce ƙafa ta fi taya. Na ce ban ji ba, zoɓo ya shiga kunnena. Ya maimaita.

Ban fita kyauta ba, kada ku zata. Washegari na wuni a gidan Goggo ina wanke tukwanen suna, kowace mace ta wuce sai ta tambaye ni ko ruwan ya yi sanyi. Babana bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ɗaga rigar ya duba, ta koma kalar da ba ta da suna, ya ce tunda ina sonta haka, idan an ɗinke ta, ni zan sa ta zuwa Juma'a. Na sa kuwa. Da aka koma makaranta, malamarmu ta Turanci ta yi mako ba ta iya kallona ba tare da ta juya ta fuskanci allo ba.

Amma Asabar ta zagayo, na zauna a wurina na tsakiyar benci, rakena a hannu, shagon ya fi kullum cika. Ana cikin fim jarumi ya zo katanga, mutum biyu na binsa, ya dafa ta da hannu ɗaya ya dira a tsaye, ko ƙura bai kwasa ba. Duk shagon aka juyo ana kallona, har Sadiƙu. Na tauna rakena a hankali, na tofar, na ce wannan ƙarya ce, ko dubawa bai yi ba ya ga me ke bayan katangar, kuma masu binsa ba su san aiki ba, ƙafa ake kamawa. Ba wanda ya musa. Tun daga ranar, idan gardama ta tashi a kan tsere, ni ake tambaya, don ni kaɗai ne a shagon aka taɓa bi.

Abin da na koya ke nan: a gardamar fim, ra'ayi kowa yana da shi, amma wanda ya taɓa rasa wandonsa a bakin aiki shi ake saurara. Sai dai idan kuna sha'awar irin wannan matsayi, ina ba ku shawara a matsayina na ƙwararre, ku leƙa kafin ku dira, kuma ku sa wando biyu.